Igiyar Mai Yasa

Ga mai neman ruwa, ƙasar Arewa kashi biyu ce. Wanda kakanninsa suka kafa gari cikin kwarin Dallol Mawri, tun daga Bagaji da Matankari, a biyo ta Dogon Dutsi, a gangara Kore Mairuwa da Tibiri har Gesheme, ruwa bai yi masa nisa ba. Shi ya sa da rani ake ganin lambunan dankalin turawa sun yi kore shar a gefen Dutsi, alhali duwatsun da ke bisansu sun ƙone ƙurmus. Wanda kuwa rabonsa ya kai shi kan fako, rijiyarsa rami ce mai ban tsoro. Ka jefa tsakuwa, sai ka fara zaton ta ɓata a hanya kafin ƙararta ta iso maka.

A kan fakon nan, wajen gabas, inda gonakin Nijar suka yi iyaka da na Najeriya, akwai wani ƙauye. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa ba su aike ni ba. Rijiya ɗaya gare su, zurfinta gaba talatin, ita mutum ke sha, ita dabba ke sha. Gida shida ne na Kirista a garin, sauran Musulmi, sai 'yan tsirarun tsofaffi waɗanda har yau in magana ta ɗaure musu kai sukan tuna da addinin kakanni, da Lugu da dutsen Tunguma. Duk dangin juna ne, in aka bi salsala.

Bishara ta shigo Arewa ta ƙofa biyu. Mishan ɗin SIM, wanda ya fara zama a Damagaram a 1924, ya zo daga baya ya kafa a Dogon Dutsi da Gesheme, 'yan Katolika kuma suka buɗe nasu a Dutsi a 1947. Amma ƙauyen nan ba Bature ne ya kai masa ita ba. Wani mai gyambo ne, wanda aka yi wa magani har aka gaji, aka ɗauke shi zuwa asibitin Galmi 'yan shekaru bayan an buɗe shi a 1950. Ya dawo da ƙafa lafiyayya da Littafi a burgame, wanda sai daga baya ya koyi karanta shi. Ɗan wannan mutum shi ne mai yasar rijiyar garin. Ya haura shekara sittin, sunansa na yanka ma ya ɓace, kowa Mai Yasa yake ce masa.

An san shi da abu biyu. Babu wanda ya kai shi sanin cikin rijiya, babu kuma wanda ya kai shi tsoronta. In gobe za a shiga, yau ba ya cin tuwon kirki. Sai ya shimfiɗa igiya a tsakar gida tun da sauran rana, ya zauna ya riƙa jan ta cikin yatsunsa, gaba bayan gaba, yana murɗa ta baya don tufkar ta buɗe ya ga cikinta. Inda ya ga ta soma ci, ya ɗaura jan tsumma. Da safe kafin kowa ya taɓa komai, sai ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta a hankali da siririn zare, ya kwanta rub da ciki yana bin ta da ido. In harshen wutar ya yi ƙasa ko ya mutu, iskar ciki ba ta shaƙuwa ke nan, sai a saro rassan bedi a ɗaure, a yi ta zura su ana jawowa har iska ta sake. Bayan wannan duka ya durƙusa a bakin rijiya ya yi addu'a 'yar gajeruwa, gwiwoyinsa na karkarwa a fili, yara suna ƙunshe dariya. Masu riƙe masa igiya kuma shi yake zaɓen su da bakinsa. An sha ganin ya tsallake ƙato ɗan kokawa ya nuna wani siriri. Ba ya faɗin dalili.

Shekarun nan wani tsoron ya sauka a Arewa wanda ya sa aka manta da na rijiya. A watan Yuni na 2024 aka kashe sojoji shida masu gadin bututun man da ya taso daga Agadem zuwa bakin teku a Benin, a wajen Salkam, cikin yankin Tibiri. A Nuwamban shekarar, can tsallaken iyaka, mutanen Mera ta ƙaramar hukumar Augie a jihar Kebbi suka bi sawun shanunsu da aka kora, aka kashe musu mutum goma sha biyar. Sunan Lakurawa ya shiga bakin kowa, amma a ƙauye ba a cika ambaton sa ba, sai dai a ce "mutanen nan", ko "masu babura". Ana jin labarin sun shiga gari kaza sun ƙirga shanu sun ce a fid da zakka. Mata suka daina nisa wajen itace. Ƙarar babur da a da ke sa yara su fito da gudu, yanzu ita ke sa uwa ta fizge ɗanta ta shige ɗaki. Kiristan ƙauyen kuwa nasu tsoron ninki biyu ne, don ba su san yadda za a ɗauke su ba in aka tambaya aka ji ko su waye.

Mai bisharar da ke kula da 'yar majami'arsu saurayin magidanci ne, ana ce masa Malam. Matarsa na da tsohon ciki, ga shi hanyar likita ta daina biyuwa da dare. Sai ya kwashe ta da yara ya kai su wurin gwaggonta a Dutsi, shi ya dawo ya zauna shi kaɗai a gidan da ke jikin majami'a, yana dafa wa kansa.

Ana cikin haka aka aiko cewa babban baƙo na tafe daga birni, zai yi taron kwana uku don ya ƙarfafa 'yan'uwa. Aka share fili, aka kafa rumfa, Inna shugabar zumuntar mata ta yanka zakaranta guda ɗaya tilo. Baƙo ya iso cikin mota mai tudu, da direba, da lasifika, da injin wuta. Mutum ne mai cikar zati, murya gare shi mai daɗin ji, ga iya jera magana. Wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Kwana biyu yana dukan tsoro. Ya ce tsoro da bangaskiya ba sa kwana ɗaki ɗaya. Ya ce duk wanda zuciyarsa ta buga don ya ji ƙarar babur, ya binciki kansa, wataƙila bai tuba da gaske ba. Ya sa aka miƙe tsaye ana taka ƙasa da ƙarfi, wai ana tattake tsoro, ƙura ta tashi har tsofaffi suka kama tari. Rana ta biyu ya sassauta murya ya ce akwai makiyayan da suka kwashe iyalinsu suka ɓoye a gari, suka nuna wa tumaki cewa Allah bai isa ya tsare ba. Bai kama suna ba. Amma majami'ar gida shida ce, makiyayi nawa ke cikinta? Malam na zaune a gaba yana riƙe wa baƙo gorar ruwa. Ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba har aka tashi.

Baƙo ya ba da labarin Janairun 2015, yadda ya ce ya tsaya ƙyam a Yamai ko gezau bai yi ba. Abin da ya faru a kwanakin nan ba ƙarami ba ne. Ranar 16 ga wata a Damagaram, kashegari a Yamai, zanga-zangar da aka yi kan zanen wata jaridar Faransa ta juye kan majami'u, aka ƙone su da dama, mutum goma suka rasa rayukansu. Inna ta karkato ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ita ma 'yar ƙanwarta na Yamai ran nan. Maƙwabciyarta Musulma ce ta tura ta ƙarƙashin gado ta ja zane ta rufe, yarinyar kuwa don tsoro har ta jiƙa kanta. Ranar Lahadi ita ce ta riga kowa zuwa, ta zauna kan toka aka yi sujada.

"To ita wannan," in ji Inna, "wane ɗaki za mu sa ta?"

Ta kusa da ita ta zungure ta ta ce ta yi shiru, bawan Allah na magana.

Ni ma da ina wurin da na so in yi tambaya irin ta Inna. Fada Pierluigi Maccalli, wanda aka sace a Bomoanga ranar 17 ga Satumba 2018 aka riƙe shi har Oktoban 2020, da ya fito bai ɓoye cewa an sa masa sarƙa kuma ya yi kuka ba, ban kuma ji wanda ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza ba. Arewa kanta ba ta taɓa ɗaukar ja da baya abin kunya ba. A watan Afrilu na 1899, da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, mutanen Sarauniya Mangu sun tsaya sun yi harbi har suka zubar da jinin maharan, sa'an nan suka janye cikin kurmi da matansu da 'ya'yansu. Da sun tsaya a fili don kada a ce sun ji tsoro, da yau babu mai ba da labarin. Su Voulet ɗin da ba su san tsoro ba, a watan Yuli na shekarar sojojinsu suka harbe su.

Kowace rana da la'asar ta kawo jiki, baƙo yakan dubi agogo, direba ya tayar da mota, su koma Dutsi su kwana, kusa da inda jandarmomi suke. Ban ga laifinsa a nan ba ko kaɗan. Hanya ce ba ta da kyau, mai hankali kuma ba ya bin ta da duhu. Sai dai mutanen da aka sa suka tattake tsoro da rana, su ne ake bari da daren.

Rana ta uku ta zo daidai da ranar yasa. Ba a iya ɗage ta ba, don guga ya fara fitowa da laka, ga wani wuri a tsakiyar rijiya inda bango ya zube, ana gudun ya ƙara rufzawa. Sai baƙo ya ce babu komai, a yi taron a bakin rijiya, ai ko'ina wurin wa'azi ne. Ya tarar da Mai Yasa tsugune yana girgiza turken da ake naɗa igiya a jikinsa, yana ƙwanƙwasa shi da ƙotar dagi yana kasa kunne.

"Baba, me kake nema a jikin itace tun ɗazu?"

"Ranka shi daɗe, gara ta shige shi. Naɗi ɗaya za ya ɗauka, shi rage ma hannuwa nauyi. Amma in anka sake mishi igiya shi kaɗai, ba ya riƙe mutum."

"Kwana biyu ina koya muku, ashe ba ka ji ba. Dubi hannunka yadda yake rawa! Wa ka dogara gare shi, Allah ko turke?"

Tsoho ya miƙe a hankali yana kaɗe gwiwa.

"Allah nika dogara gare shi, ranka shi daɗe. Da ba don shi ba, ko da kuɗi ba ni shiga ramin ga. Shekara arba'in ina shiga, ban taɓa shiga ba tsoro ba. Amma igiya ba daga sama anka zuro ta ba, hannun mutane take."

Aka yi 'yar dariya. Baƙo ma ya yi, irin ta manya, ya ce to yau shi da kansa zai kama igiya don a ga yadda mai bangaskiya ke riƙo. Mai Yasa ya dube shi, ya dubi ƙasa. Ba a hana baƙo abin da ya roƙa a gaban jama'a. Ya ce to, ya sa shi a tsakiya. A gaba, daf da baki, ya sa maƙerin garin, Musulmi, abokin wasansa tun suna kiwon awaki. Bayan maƙeri ya sa Malam. Sauran uku samari ne. Mutum shida ke nan. Inna ba ta cikin lissafi, tana gefe da tulun ruwa da ƙwaryar fura.

Mai Yasa ya hau guntun sandan da aka ɗaure a bakin igiya, ya rataya dagi da kwando, ya ja da baya ya ba rijiya ƙafafunsa. Aka riƙa sakin igiya kaɗan-kaɗan, tana kuka cikin tsagar da ta ci a itacen da aka gitta. Jan tsumma na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Wajen gaba ashirin ya girgiza igiya sau biyu, alamar a tsaya, ya kai wurin zubin. Can yake rataye, gaba goma na rami a ƙarƙashinsa, sama kuwa ta koma masa kamar faifai. Ana jin bugun daginsa sama-sama. Baƙo na riƙe da hannu ɗaya, ɗayan yana nuni da shi, yana ci gaba da wa'azi.

Wata yarinya ce ta fara ji. Ta ce, "Babura!"

Aka yi tsit. Ba ƙarar babur ɗaya ba ce, ba kuma ta ɗan kabu-kabu mai dawowa daga kasuwa ba. Ƙura ta taso daga burtalin gabas. Kafin ka ce kwabo bakin rijiya ya watse. Mata suka suri yara, tuluna suka fashe, jaki ya tsinke. Samarin nan uku suka saki igiya, kowa ya nufi gidansu. Injin wuta na nan na ruri, lasifika na ƙugi babu mai magana cikinta, don mota ta riga ta juya, ƙofarta ɗaya a buɗe.

Igiya ta zarce. Ta zuge cikin tafin Malam ta kwashe fata, ta fizgi maƙeri har ƙafarsa ta daki itacen baki, turke ya yi ƙara ya karkata. Maƙeri ya kafa dugadugansa ya kwanta baya yana kiran sunan Allah. Malam ya naɗe igiya a damtse ya faɗi zaune. Wutsiyar igiyar na bulala a ƙasa, sai Inna ta yar da ƙwarya ta faɗa mata, ta naɗa ta a ƙugu sau biyu, ta zauna daɓas ta dafe ƙasa. Tsohuwa ce mai jiki, ranar ya yi amfani. Igiya ta tsaya.

Su uku da rubabben turke sun isa su riƙe, amma ba su isa su jawo ba. Ba gaba, ba baya. Ga su a fili fetal, ba ko inuwar da za su raɓa.

Babura bakwai ne, mutum bibbiyu, fuskoki a naɗe, bindigogi a rataye. Suka rage gudu. Ɗaya ya ratso ya tsaya, bai kashe inji ba. Ya dubi lasifika, ya dubi rumfa, ya dubi mutanen nan uku da ke kwance cikin ƙura.

"Me kuke riƙe?"

Malam ya buɗe baki, magana ta ƙi fita, haƙoransa sai kaɗawa suke. Inna ta rufe ido tana addu'a da ƙarfi, ba ta ma san da ƙarfi take yi ba, tana ta maimaita sunan Yesu. Maƙeri ne ya amsa, murya a shaƙe.

"Mutum."

Mai babur ya leƙa bakin ramin daga inda yake, ya ƙara duban su, ya ja tsaki ko dariya, ba su tantance ba. Ya juya ya bi 'yan'uwansa. Bayan kwana biyu aka ji an kore garke guda a wata ruga da ke yamma da su.

Ba su san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Maƙeri ya ce har inuwar turke ta gusa. Da ƙarar ta mutu, sai mutane suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Aka kama igiya, aka jawo. Mai Yasa ya fito fari fat da ƙura, kafaɗa ta goce inda ya bugu da bango, dagi ya faɗa ƙasa. Ya zauna a bakin rijiya ya daɗe yana mai da numfashi. Ya dubi hannun Malam, ya dubi ƙugun Inna inda igiya ta yanka zane, bai ce komai ba sai da aka ba shi ruwa.

"Hannu goma sha biyu sunka sauke ni," ya ce. "Da ta zarce ta tsaya, na ji saura shida, biyu kuma ba na namiji ba ne."

Aka tambaye shi me ya yi a ciki. Ya ce babu abin da ya ji na babura, rami ba ya kawo labari. Ya dai ji ya tafi ƙasa gaba guda, ya tsaya, aka bar shi yana lilo cikin duhu, ya girgiza igiya ba a amsa ba. Addu'o'in da ya haddace duk suka gudu.

"Sai na ce mishi, Ubangiji, ka san ba ka yi mini fiffike ba. Ko wa ka bari bisa, ka riƙe shi shi riƙe ni. Shi ke nan abin da nika ta faɗi."

Bai tambayi wa ya saki ba. Samarin nan uku da sassafe suka zo gaishe shi, suka tsuguna nesa, suka kasa haɗa ido da shi. Ɗaya ya fara ba da hanzari, wai ƙannensa ne ya tuna suna waje. Tsoho ya katse shi ya ce ai ya yi daidai da ya tuna da su, ya tambayi lafiyar uwarsa. Da kafaɗa ta warke aka koma ƙarasa aikin, biyu daga cikinsu ya sake zaɓa.

Daren ranar da abin ya faru, wani yaro mai waya ya hau tudun da ake samun layi, ya sauko da saƙon murya da ke ta yawo a WhatsApp. Aka kunna a maƙera. Muryar nan ce mai daɗi. Tana ba da shaida yadda Ubangiji ya fisshe bawansa daga bakin mutuwa a wani ƙauyen Arewa, yadda aka kewaye shi da bindigogi bai razana ba. Ta ce abin tausayi shi ne 'yan'uwa na ƙauye, bangaskiyarsu har yanzu jaririya ce, ƙarar babur kawai ta watsa su. Ta roƙi masu zuciyar bayarwa su taimaka a shirya taro na biyu, don aikin da sauransa.

Maƙeri na zaune yana shafa wa tafin Malam man kaɗanya. Ya saurara har ƙarshe.

"Malam, wannan shi ne na ɗazu?"

"Shi ne, Kawu."

"To."

Ya ci gaba da shafa mai.

Ranar Lahadi Malam ya tsaya gaban jama'a hannuwa a naɗe da tsumma, sai wani yaro ne ke buɗe masa shafi. Mutane sun zaci zai rama. Bai ambaci baƙo ba, bai ambaci babura ba. Ya karanta labarin annabi Irmiya, lokacin da Urushalima ke kewaye da yaƙi, hakimai suka zura shi cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki. Wani baƙon bawa a fadar sarki Zadakiya, Ebed-melek mutumin Habasha, ya je ya yi wa sarki magana, aka ba shi mutane. Kafin ya tafi bakin rijiya sai da ya biya ta ɗakin ajiya ya tattaro tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura wa annabin, ya ce ya sa a hammata don kada igiya ta yanke shi. Malam ya daɗe a kan tsummokin nan. Ya ce ku duba, gari na cikin yaƙi, kansa na iya tafiya a kan maganar, amma ya tsaya tunanin hammatar wani. Bai yi wa na cikin rami huɗuba daga sama ba. Mai Yasa na gyaɗa kai, don shi ya san abin da igiya ke yi wa hammata.

Inna ta ɗaga hannu, abin da ba a saba yi ba tsakiyar sujada.

"Ɗana, shi Bahabashen ga, bai ji tsoro ba?"

Malam ya sa yaro ya juya shafi zuwa sura ta gaba. Ya ce ya ji, Inna, Littafi bai rufa masa ba. Allah da kansa ya aika masa da saƙo ta bakin Irmiya, ya ambaci mutanen da yake jin tsoro, ya yi masa alkawarin ba za a ba da shi a hannunsu ba, dalili kuwa shi ne ya dogara gare shi. Tsoron da dogarar duka a saƙo ɗaya, a kan mutum ɗaya.

"Ashe suna kwana ɗaki guda," in ji Inna.

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya mai da ita tari. Malam ya yi kamar bai ji ba, ya sa aka tashi aka yi addu'a. Ya yi wa garin, ya yi wa rugar da aka kora wa shanu, ya yi wa sojojin da ke kan hanya, ya yi wa masu baburan ma, Allah ya juyo da su. Ya yi wa baƙo, Allah ya kai shi gida lafiya. Muryarsa na rawa daga farko har ƙarshe, aka ce amin.

Dattawan majami'a suka rubuta takarda zuwa birni. Suka yi godiya a kan taro, suka ce injin wuta da lasifika na nan an adana, a aiko a ɗauka. Suka roƙi taimakon abu biyu, sabuwar igiya gaba arba'in da buhun siminti biyu na kafa turke. A ƙasa Malam ya so a ƙara cewa wata uku ke nan ɗan abin da ake aiko masa bai zo ba, sa'an nan ya ce a bari, kada a ce don kuɗi aka rubuta.

Ba a yi mako ba aka aiko ɗan kabu-kabu ya kwashe inji da lasifika. Amsar takarda kuwa sai da ta yi wata guda. Ƙunshi ne mai nauyi, yara suka rako shi har ƙofar majami'a. Aka kwance, sai ga kalanda guda hamsin, masu sheƙi, kowace da hoton baƙo ya ɗaga hannu sama, da aya a kan rashin tsoro da manyan baƙaƙe, da sanarwar taro na biyu, wanda za a yi a birni saboda yanayin tsaro. An ce a sayar da kowace dala ɗari a aika da kuɗin.

Maƙeri ya tono wani tsohon ƙarfen amalanke, ya kwana biyu yana dukan sa, ya fid da turke. Liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, aka tara abin da aka tara, Kirista suka kawo baikon Lahadi biyu. Bai kai ba, sai Inna ta fid da tiya goma ta gyaɗar da ta ajiye don iri. Mai Yasa da kansa ya hau amalanke zuwa kasuwar Matankari, ya ƙi yarda a aiki kowa. Ya wuni a rumfar mai igiya yana murɗa tufka yana leƙawa, har mai kaya ya ce, Baba, in ba saye za ka yi ba ka ba mutane wuri. Ya sayo, aka gwada ta da buhun yashi kafin mutum.

Matar Malam ta haihu a Dutsi, namiji. Da ruwan shuka ya sauka ta ce ita gida za ta koma, gona ba ta jira. Malam ya je ya ɗauko ta da jaririn da ƙananan yara, suka taso da hantsi don su iso da rana tsaka. Babban ɗan aka bar shi wurin gwaggo saboda lakwal.